Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Gansakuka Daga Tafkunan Ruma Zuwa Akwatin Kifin Falo

Duk wanda ya tashi a ƙasar Ruma ya san yadda tafki ke sauya kama. A tsakiyar damina, wajen watan Agusta, ruwan kududdufin bayan gari ja ne, launin ƙasar da ya kwaso daga gonaki. Da kaka ta shigo, laka ta kwanta, rana ta samu hanyar ratsa ruwan, sai kore ya fara hawa daga gefe. Kafin hunturu ya kankama, gansakuka ta shimfiɗa tabarmarta. Yaro ya taka dutsen bakin ruwa santsi ya kwashe shi. Mace ta sa gindin ƙwarya ta ture koren gefe kafin ta ɗiba. Makiyayi ya tsaya yana kallon shanunsa suna hura hanci kafin su kafa kai.

A da, iyakacin gansakuka ke nan, bayan gari. Yanzu ta biyo mutane har cikin gida. Tana cikin farar jarkar da aka bari a rana, tana cikin tankin da murfinsa ya ɓata, tana jikin kwamin da matashi ya gina a ƙuryar gida don kiwon tarwaɗa. Wanda kuma ya je Kano ko Abuja ya ga akwatin gilashi mai kifayen ado a otal, abin ya burge shi ya sayo nasa, cikin mako 2 ko 3 zai tarar gilashin ya dushe, ruwan ya koma kamar miyar kuka. Tambayar kowa ɗaya ce: wane magani ake zubawa? Amsar masana kiwon kifi ba ta cika yi wa mai tambaya daɗi ba, domin sukan fara ne da tambayarsa abinci nawa yake zuba wa kifin, da kuma awa nawa haske ke dukan ruwan.

Ƙasar duwatsu da ruwan ajiya

Ruma tsohon gari ne a yammacin Katsina, cikin garuruwan da suka tsare kan iyaka a zamanin yaƙe-yaƙen Katsina da Maraɗi a ƙarni na 19. Har gobe Sarkin Ruma ake kiran hakimin Batsari, kamar yadda hakimin Safana ke riƙe da sarautar Yariman Katsina. Ƙasa ce ta duwatsu da rafukan yashi, ga dajin Rugu ya tokare ta ta yamma har iyakar Zamfara. Ruwan sama na kimanin wata 4 ne, daga Yuni zuwa Satumba. Sauran watannin kuwa da ruwan ajiya ake rayuwa: na tafki, na rijiya, na burtsatse, na tanki da na randa. Babban ruwan da ke kusa shi ne dam ɗin Zobe na Dutsin-Ma, wanda aka kammala a 1983 a kan kogin Karaduwa.

Ruwan da ke gudu ba ya ba gansakuka wurin zama sosai. Wanda ya kwanta wuri guda cikin zafi da rana shi ne gonarta, kuma irinsa ne ya fi yawa a wannan yanki. Ga kuma wani sabon dalili. Matsalar 'yan bindiga da ta addabi Batsari da Safana a shekarun nan ta raba mutane da yawa da gonakinsu na nesa, sai duk sana'ar da za a yi cikin katangar gida ta ƙara daraja. Kiwon tarwaɗa a kwamin siminti ko na tamfol, wanda ya bazu a garuruwan Arewa, yana cikin irin waɗannan sana'o'i. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen kiwon wannan kifi. To amma wanda ya ajiye kifi, ya ajiye ruwa, wanda ya ajiye ruwa kuwa dole ya san gansakuka.

Ba iri ɗaya ba ce

Abin da Bahaushe ya haɗa ya kira gansakuka, a wurin masana dangi ne masu yawa. Huɗu ne mai kifi zai fi cin karo da su.

Akwai mai yawo a cikin ruwa, ƙananan halittu masu ƙwayar rai guda da ido ba ya ganinsu ɗai-ɗai, sai sun taru ruwan ya yi kore shar. Akwai mai zare, wadda ke kama da gashi ko audugar da aka jiƙa, ita ce ke naɗe ƙafar mai wanka a rafi. Akwai mai launin ƙasa, wadda ke kwanciya kamar ƙura a jikin gilashi da yashi, yawanci a sabon akwati. Ita tana gina jikinta ne da sinadarin da ke cikin yashi, kuma takan ja baya da kanta bayan 'yan makonni. Ta huɗu ita ce mai launin shuɗi-kore, mai yauƙi, mai ɗagowa kamar fatar da aka saɓule, mai warin rima. Wannan a gaskiya ma ba tsiro ba ce, dangin bakteriya ce, kuma ita ce abar tsoro. Ita ce kan sa naman kifi ɗanɗanon taɓo, wanda ke sa masu saye su yamutsa fuska.

Dukkansu abu 3 suke nema: haske, ɗumi, da taki. Takin nasu shi ne naitirojin da fosfaras, wato biyu daga cikin sinadarai 3 da ke cikin buhun NPK da manomi ke zuba wa masararsa. A tafki, ruwan sama ne ke wanko su daga gonaki, da kashin dabbobi, da ruwan wanki. A kwami da akwatin gilashi kuwa, mai kifin ne ke zuba su da hannunsa. Abincin tarwaɗa na kamfani yana ɗauke da furotin da kan kai kashi 40 cikin 100 ko fiye, amma kimanin kashi 1 cikin 4 zuwa 1 cikin 3 na naitirojin ɗin da ke ciki ne kawai ke zama tsoka a jikin kifi. Ragowar na komawa ruwa ta kashi da ta gaɓar numfashin kifin. Wanda ya ɗibi abinci ya ƙara don kifinsa ya yi saurin girma, yawancin alherin gansakuka ya yi wa.

Akwai ma takin da ke zuwa ta sama. Kaso mai yawa na ƙurar hunturu da ke rufe Katsina a Disamba da Janairu daga kwarin Bodele na arewacin Chadi take tasowa, inda a zamanin da can ruwan babban Tafkin Chadi ya kwanta. Farar ƙasar wurin ragowar gawar gansakukar wancan tafki ce, mai ɗauke da fosfaras, kuma iska kan kai ta har dajin Amazon na Kudancin Amurka. Wato hazon da ke sauka a buɗaɗɗen kwami tsohuwar gansakuka ce ke ciyar da sabuwa.

Abin da ke faruwa kafin asuba

Masu kiwon kifi da dama sun san wannan baƙin labari. Da yamma an bar kifi lafiya lau suna wasa, da asuba a tarar sun taso sama suna haki, wasu sun juya ciki. Sai zargi ya tashi: an zuba guba, an yi baki, maƙwabci ne. Sau da yawa mai laifin na nan cikin ruwan.

Da rana gansakuka na amfani da haske ta saki iskar oksijin, har ruwan ya cika ya batse. Rana na faɗuwa sai ta daina bayarwa ta koma sha, ita da kifi da ƙwayoyin da ke ruɓar da datti duk a tukunya ɗaya. Oksijin ɗin na raguwa dare na tafiya, ya kai ƙarshen ƙaranci daf da kiran assalatu. Zafi kuma na ƙara dagula lissafi. Ruwa mai ɗumin digiri 20 na iya riƙe kimanin miligiram 9 na oksijin a kowace lita, mai digiri 30 kuwa kimanin 7.5 ne, alhali a cikin zafin ne jikin kifi ya fi buƙatarta. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40, kwamin tamfol da ke tsakar rana yana bakin haɗari kowane dare.

Tarwaɗa na da sa'a, domin Allah Ya yi mata wata gaɓa a bayan kai da take shaƙar iskar sarari, shi ya sa take jure ruwan da zai kashe wasu. Karfasa da yawancin kifayen ado ba su da wannan gata. Ita ma tarwaɗar jurewa kawai take yi: cin abincinta na raguwa, girma ya tsaya, ciwo ya samu ƙofa.

Haɗari na biyu shi ne mutuwar gansakukar kanta. In hadari ko hazo ya rufe rana kwanaki a jere, ko aka zuba mata magani, takan mutu gaba ɗaya. Ruwan ya tashi daga kore ya koma ruwan ƙasa ko toka-toka, wari ya tashi, ruɓewarta ta shanye sauran oksijin ɗin. Wannan ne ya sa masana ke jan kunne game da magungunan da ke da sinadarin tagulla. Suna kashe gansakuka ba musu, amma kaɗan aka zarce sai su haɗa da kifin, kuma ba su taɓa takin da ya haife ta ba. Bayan kwanaki za ta dawo.

Akwatin gilashi: darasin da aka koya tun 1850

Matsalar ta girmi duk wanda ke raye. A 1850 wani masanin sinadarai na birnin Landan, Robert Warington, ya ba da rahoton gwajin da ya yi. Ya sa ƙananan jajayen kifaye 2 da wata ciyawar ruwa a cikin tulun gilashi mai cin lita 50 da ɗoriya. Da farko komai ya tafi daidai, sai tsofaffin ganyaye suka fara ruɓewa, ruwa ya gurɓace, kore ya rufe gilashi. Bai zuba magani ba. Ya kawo 'yan dodon-koɗin ruwa ya saka, suka cinye ruɓaɓɓen ganye da koren, ruwan ya washe. Bayan shekara 3, a 1853, gidan namun dajin Landan ya buɗe gidan kifi na farko da jama'a ke shiga kallo. Abin da Warington ya gano shi ne har yau ake bi: kifi, tsiro, haske da abinci su daidaita, kada ɗaya ya rinjayi sauran.

Ga mai akwatin kifi a Batsari, Dutsin-Ma ko Katsina, abin ya fara ne daga wurin ajiyewa. Kada a kusanta shi da taga. Ranar ƙasar nan ba irin ta Turai ba ce, in tana dukan gilashi kullum za ta rina ruwa ta kuma dafa shi. Fitilar akwatin ta yi awa 6 zuwa 8 a rana, sannan a kashe. Masu sola sun fi faɗawa tarkon barin fitila har wayewar gari, don ƙawa ko don ta haska falo, alhali kifi ma na son duhu ya huta.

Abinci kuwa, a ba su abin da za su cinye cikin minti 2 zuwa 3, sau ɗaya ko biyu a rana. A gidan da ke da yara, a ɗora gwangwanin abincin a sama, domin kowane yaro ya wuce sai ya ji tausayin kifi. Kada a cika akwatin da kifaye fiye da ƙarfinsa.

Kowane mako a zuƙe kashi 1 cikin 4 na ruwan da siririn tiyo, ana bin ƙasan akwatin inda kashi ke taruwa, a mayar da sabo. Kuskuren da aka fi yi shi ne a bari sai ruwa ya ɓaci, sannan a kwashe kifi a zuba a bokiti, a wanke komai da omo har yana ƙyalli. Sabulu guba ne ga kifi. Bayan haka, a jikin tsakuwa da soson na'urar tace ruwa akwai ƙwayoyin halitta masu amfani da ke sauya gubar fitsarin kifi zuwa abin da bai kai ta illa ba, kuma sukan ɗauki makonni kafin su kafu. Wankin ƙaƙaf na kashe su. Soson tacewa a ɗauraye shi cikin ruwan da aka zuƙo daga akwatin. Gilashi kuwa sabon soso da bai taɓa sabulu ba ya wadatar, ko reza a kankare a hankali. In ruwan famfo ne mai kulorin, a bar shi a buɗaɗɗen bokiti ya kwana, ko a sa masa maganin kashe kulorin.

In ruwan ya riga ya rine, ko mai yauƙin nan ta shimfiɗu, a kwashe abin da hannu zai iya, a sauya wani kaso na ruwan, a kashe fitila, a lulluɓe akwatin da zane mai kauri kwana 3 zuwa 4, a rage abinci ƙwarai. Amma na'urar hura iska ta ci gaba da aiki, kuma a inda wuta ke zuwa tana ɗaukewa, ƙaramar mai batir ta fi kowane kayan ado muhimmanci. Tsirrai masu rai ma mataimaka ne, domin suna rige gansakuka shan taki. Kainuwa, dashen Allah, tana wannan aiki sosai, ga inuwa tana bayarwa, muddin an wanke ta da kyau kuma ba a bari ta rufe fuskar ruwan duka ba.

Sai dai wuri guda ne bai kamata a kwaikwayi Warington ido rufe ba. Kada a je tafki ko dam a tsinto dodon-koɗi a kawo gida. Wasu ƙananan dodon-koɗin ruwayenmu su ne masaukin tsutsar da ke haddasa tsargiya, ciwon fitsarin jinin da ya daɗe yana damun yaran da ke wanka a tafkuna da madatsun ruwa na Arewa. Tsutsar ta fata take shiga, kuma mai akwati kullum hannunsa na cikin ruwa.

Ma'aunin da ke jikin kowa

A kwamin kiwo lissafin ya ɗan bambanta, domin ba a neman ruwa garai-garai kamar na falo. Kore mai sauƙi alheri ne: yana ba da oksijin da rana, yana shanye wani kaso na guba, yana yi wa kifi inuwa. Ga karfasa ma abinci ne, shi ya sa masu kiwonta a tafkin ƙasa kan zuba kashin kaji da gangan don ruwa ya yi kore. Abin lura shi ne kauri.

Malaman gona na da ma'auni mai sauƙi. Ka tsoma hannu cikin ruwan har gwiwar hannu. In kana hango tafinka dishi-dishi, ruwan ya yi daidai. In tafin ya ɓace tun kafin ruwa ya kai rabin damtsen ƙasa, kore ya yi yawa: a rage abinci, a zubar da wani kaso ta ƙasa, a ƙara sabo. Rumfar zana ko ta raga da za ta rufe rabin kwamin na rage haske da zafi gaba ɗaya. Wanda ke son sanin gaskiyar halin kifinsa kuma, ya leƙa su bayan sallar asuba, kafin rana ta fito ta rufa asiri.

Ruwan da aka zubar ba shara ba ne. A ƙasar da ake sayen ruwa a hannun 'yan garuwa, asara ce a sake shi a lungu ya zama gidan sauro. Taki ne narkakke. A juya shi gindin zogale, ayaba, gwanda ko fangalin alayyafo, a ci riba biyu. Mai son ƙarin bayani ba sai ya yi nisa ba, Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, tana da sashen nazarin kifi, ga kuma cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa a New Bussa ta Jihar Neja.

Ruwan sha kuwa, kakanninmu sun riga sun warware matsalar ba tare da sun san sunan wani sinadari ba. Randa ba ta barin haske ya shiga, ana ajiye ta a inuwa, a rufe da faifai, a wanke ta a kai a kai. Farar jarka da tanki marar murfi su suka karya wannan doka. Baƙin tanki mai rufaffen baki randar zamani ce.

Inda kore ke zama ajali

Mai launin shuɗi-koren nan wasu nau'o'inta na fitar da guba mai lalata hanta ko jijiyoyi. Tun 1878 wani masani mai suna George Francis ya rubuta yadda tumaki, dawaki da karnuka suka mutu bayan sun sha ruwan tafkin Alexandrina a kudancin Ostireliya. A watan Agustan 2014, mutane fiye da 400,000 a birnin Toledo na Amurka suka yi kusan kwana 3 an hana su shan ruwan famfo, saboda gubar gansakukar tafkin Erie, wadda takin gonaki ya ciyar. A 2020 giwaye sama da 300 suka mutu a Botswana, hukumomin ƙasar suka ɗora alhakin a kan irin wannan guba a wuraren shan ruwansu.

Wannan darasi ne ga ƙasar makiyaya irin Ruma, inda a ƙarshen rani mutum da dabba kan haɗu a ragowar tafki guda. In aka ga fuskar ruwa kamar an zuba koren fenti, iska ta tara shi gefe guda yana kumfa yana wari, a kau da dabbobi, a hana yara shiga. Tafasawa na kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta karya wannan guba. Tacewa da ƙyalle, wadda ta taimaka aka ga bayan kurkunu har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da kuɓutar Nijeriya a 2013, ita ma ba ta tare gubar da ta narke. Alif da 'ya'yan zogale na kwantar da laka ne kawai.

Duk da haka ba a yi wa dangin kuɗin goro. A yankin Kanem da ke gabashin Tafkin Chadi, matan Kanembu sun daɗe suna kwasar wani nau'i daga tafkunan kanwa, su shanya a yashi, su yanka gutsi-gutsi su kai kasuwa a yi miya da shi. Dihe suke kiransa, shi ne duniya ta sani da sifirulina, ake sayarwa da tsada a kantunan Turai saboda yawan furotin ɗinsa. Kuma kusan rabin oksijin ɗin da ake samarwa a doron ƙasa daga irin waɗannan ƙananan halittu na teku yake fitowa.

Saboda haka gansakuka ba baƙuwa ba ce da za a kora ta tafi har abada. Ƙwayoyinta na cikin iska, suna cikin ƙura, suna jikin kifin da aka sayo. Abin da ke hannun mai ruwa shi ne ya hana ta ƙoshi. Ranar da ka ga akwatinka ko kwaminka ya yi kore fiye da kima, kafin ka nufi kanti neman kwalbar magani, duba hannun da ke zuba abinci, duba inda rana ke shigowa, ka tuna ranar da ka sauya ruwa ta ƙarshe. A cikin ukun nan za ka samu mai laifin.